Allura uku a zama ɗaya: abin da ya sami fuskar wata uwar amarya

Ranar Juma'a ce, wajen ƙarfe goma na safe, sista ta shigo min da ita ba tare da ta bi layi ba. Mace mai shekara 46, ta ja gefen mayafi ta rufe rabin fuska, ƙanwarta na biye da ita riƙe da jaka. Saura kwana takwas a ɗaura auren 'yarta ta fari. Ta ba ni izinin rubuta abin da ya faru, na kuma cire duk abin da zai sa a gane ta ko a gane inda aka yi mata aikin. Hajiya zan riƙa ce mata, yadda na saba ce mata a ɗakin duba marasa lafiya.

"Likita, hancina ne," in ji ta. "Tun jiya bayan isha'i kamar an ɗora min garwashi. Ban runtsa ba."

Da ta sauke mayafin, inda ido ya fara sauka shi ne ƙasan haɓarta, ya kumbura suntum. Ƙanwar ma can take nuna min. Amma ciwon da ya hana ta barci a sama yake. Gefen hancinta na hagu, daga ƙofar hanci har kusa da kwarmin ido, ya sauya launi, wani toka-toka mai dabbare-dabbare kamar zanen raga. Wanda bai san abin da yake nema ba zai wuce shi ya ce jini ne ya kwanta, irin na bayan allura.

Shagon gyaran jiki ne da ta shekara biyar tana zuwa yin dilka da halawa. Mai shagon yarinya ce mai hannu da iya tarbar mutane. Ta je wani kwas na 'yan kwanaki a ƙasar waje, ta dawo ta ƙara allurai cikin sana'arta. Ita ta yi wa Hajiya tayin abin da ta kira haɗin uwar amarya: allura iri uku a zama ɗaya, da ragin kuɗi in an haɗa. Ranar Alhamis bayan la'asar aka zauna, kafin magariba an gama. An fara da Botox a goshi da tsakanin gira. Aka bi da allurar ciko, wadda 'yan sana'ar ke ce wa fila, a layukan nan biyu da ke saukowa daga gefen hanci zuwa gefen baki, aka ƙara kaɗan a karan hanci don ya miƙe, aka murza da yatsa sosai har zuwa tsakanin idanu. Aka rufe da allurar narkar da kitse a ƙasan haɓa. Ba a tambaye ta maganin da take sha ba, ba a ɗauki hoton fuskarta kafin a fara ba, ba a ba ta ko guntun takarda mai sunan abin da aka zuba mata ba.

Wajen ƙarfe tara na dare ciwo ya tsananta, ta aika saƙo ta WhatsApp. Aka ce mata kada ta damu, allurar kitsen ce, haka take yi, ta ɗora ƙanƙara. Ta ɗora. Ƙarfe ɗaya ta sake aikawa, wannan karon da hoto. Aka ce jini ne ya kwanta, gobe zai washe.

Amsoshin nan biyu, in aka ɗauki kowacce ita kaɗai, ba ƙarya ba ce. Allurar kitse tana sa kumburi da raɗaɗi na kwanaki, har Kybella, allurar kitsen da hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta amince da ita a 2015, haka take yi, domin aikinta fasa ƙwayoyin kitse ne. Kuma duk allurar da ta shiga fuska tana iya sa jini ya kwanta. Abin da haɗa uku a zama ɗaya ya jawo shi ne kowane kuka ya sami uzurin da zai rufe shi. Da ciko kaɗai aka yi mata, ciwon da ke ƙaruwa awa huɗu bayan allura, a gefe guda na hanci, tare da sauyin launi, bayani ɗaya gare shi har sai an tabbatar da akasinsa: cikon ya toshe jijiyar da ke kai jini. Ƙanƙarar da ta kwana tana ɗorawa kuwa ƙara tsuke jijiyoyin take yi, a daidai lokacin da fatar ke neman jini.

Mutane kan haɗa alluran nan su kira su da suna ɗaya, alhali ba abin da ya haɗa su sai sirinji. Botox dafi ne da wata ƙwayar cuta ke fitarwa, an tace shi an rage shi ƙwarai. Yana hana saƙo isa daga jijiya zuwa tsoka, sai tsokar ta daina motsi, tamojin da haɗe gira ko ɗaga goshi ke yi su kwanta. Ba ya cika komai. Yakan fara aiki a kwana uku zuwa biyar, ya kai ƙarshen ƙarfinsa a mako biyu, ya saki bayan wata uku zuwa huɗu, kuma idan ya kama ba abin da ke kwance shi sai lokaci. Ciko kuwa abu ne mai yauƙi da ake zubawa ƙarƙashin fata don ya maye gurbin abin da shekaru suka zaftare. Mafi yawansa na sinadarin hayaluronik ne, wanda jikin ɗan Adam ma ke yin irinsa. Nan take ake ganin aikinsa, nan take kuma yake iya yin ɓarna. Wato ɗaya haɗarinsa na awannin farko ne, ɗaya kuma sai an kusa mako yake nuna kansa. Hajiya ta gamu da duka biyun, kowanne a kan lokacinsa.

Kafin in taɓa hancin na fara da ido. Na rufe mata na dama na sa ta karanta rubutun bango, na rufe na hagu ta sake, na haska fitila na ga ɗigon baƙin idon yana tsukewa daidai a duka biyun. Alhamdulillahi, gani lafiya lau. Dalilin fara wa da nan shi ne jijiyoyin jinin gefen hanci da karan hanci da tsakanin gira suna haɗe da jijiyar da ke ciyar da ido. Idan bakin allura ya shiga ɗaya daga cikinsu aka danna da ƙarfi, cikon na iya komawa baya ya gangara cikin jijiyar idon, gani ya tafi cikin daƙiƙu, kuma da wuya ya dawo. A 2015 wasu likitoci a Kanada suka tattara rahotannin da aka wallafa a duniya na lalacewar gani bayan irin wannan allura, suka sami mutum 98. Wuraren da suka fi yawa su ne tsakanin gira, hanci, layin gefen hanci zuwa baki, sai goshi. A shekarar ce kuma FDA ta fitar da gargaɗi kan shigar ciko cikin jijiyar jini. Biyu daga cikin wuraren nan huɗu aka zuba wa Hajiya ciko, da allura mai tsini.

Daga nan na danna fatar gefen hancin dama da yatsa na saki, launi ya dawo kafin in ƙirga biyu. Na danna na hagu, na ƙirga har biyar bai gama dawowa ba. Wurin ya fi sauran fuskar sanyi a bayan yatsa. Na ɗaga ƙofar hancin na haska ciki, na ga gefen hagu ya koɗe, na dama ja-ja-wur.

Wannan duba na cikin hanci da cikin leɓe na koye shi ne da wahala. Hotunan da ke littattafan koyarwa kusan duk na fararen fata ne, inda toshewar jijiya ke bayyana fari fat sannan ta koma shuɗi-shuɗi. A fatarmu farin farko sau da yawa ba ya fitowa, ko ya fito ya wuce ba wanda ya lura. Wanda ya yi kwas na kwana uku da waɗannan hotuna zai yi ta jiran alamar da ba za ta zo ba. Na Hajiya ya ƙara wuya, domin fatar fuskar ta yi sirara, ga jijiyoyi ƙanana sun fito a kumatu. Na dubi gaɓoɓin yatsunta, sun fi sauran hannun duhu.

"Hajiya, wane mai kike shafawa?"

Ta yi shiru. Ƙanwar ta ce, "Yaya, ki faɗa mata mana." Man haɗi ne, wanda ake dama tuf-tuf na kanti cikinsa, ta kai shekara uku a kai. Irin waɗannan galibi akwai sitiroyid mai ƙarfi a ciki, yana sirantar da fata, yana jinkirta warkewar rauni. Ban yi mata faɗa ba, na rubuta a kati, domin zai shafi duk abin da zai biyo baya.

Abin da ya rage in sani shi ne me aka zuba. Na karɓi wayarta na kira mai shagon. Muryarta na rawa tun kafin in gama gabatar da kaina.

"Ƙanwata, ba faɗa na kira in yi ba. Ɗauko kwalayen da kika yi amfani da su jiya, ki ɗauki hotonsu gaba da baya ki turo min yanzu. Kina da maganin narkarwa?"

"Anti, an nuna mana shi a kwas. Ban saya ba, ban taɓa buƙata ba."

Na yaba mata abu ɗaya, ba ta ɓoye komai ba, cikin minti uku hotuna suka shigo. Kwalin cikon ya nuna hayaluronik ne, a nan na sauke numfashi. 'Yar kwalbar da take kira Botox wani suna ne dabam, babu lambar NAFDAC, kuma ta kasa faɗa min yunit nawa ta zuba, ta ce ta cika sirinji zuwa inda aka koya mata. Na kitsen kuwa ko jerin abin da ke ciki babu a jikinsa.

Sauke numfashin nan yana da dalili. Cikon hayaluronik kaɗai ne ke da makari, wato hayaluronides, maganin da ke narkar da shi. Wasu nau'ikan ciko irin su Radiesse da Sculptra, waɗanda halastattun kaya ne masu amfani a hannun gwani, ba ya narkar da su. Ruwan silikon da wasu ke zubawa a ɓoye kuwa sai dai wuƙa. Da kwalin ya nuna ɗaya daga cikin waɗannan, da aikin ranar ya zama na rage asara kawai.

Ƙarfe goma sha ɗaya saura muka fara. Na tambaye ta ko harbin zuma ya taɓa kumbura ta, ta ce a'a. Sista ta ajiye adirenalin a kan tire ko da jiki zai ƙi maganin, domin a irin wannan gaggawa ba a tsayawa gwajin fata. Na narka kwalba ɗaya, yunit 1,500, na bi duk inda launin ya sauya ina zubawa, daga gefen baki har saman karan hanci, sannan na murza da ƙarfi, muka ɗora tsumma mai ɗumi, na ba ta asfirin. Ba sai an nemo jijiyar an soke ta ba, maganin yana ratsa bangonta in an jiƙa wurin da shi sosai. Sai dai jiki na saurin kwashe shi, shi ya sa ake maimaitawa duk awa har jini ya dawo. Wani likitan fiɗa a Kanada, Claudio DeLorenzi, ya bayyana wannan tsari a 2017, kuma shi yawancinmu muke bi yanzu.

Bayan zagaye na biyu ta ce garwashin ya koma tsami. Bayan na uku saman hancin ya fara dawo da launi cikin daƙiƙa biyu zuwa uku. Gefen ƙofar hancin ne ya ƙi, domin nan ne ƙarshen hanyar jini, ba shi da wata madogara sosai. Muka yi na huɗu bayan la'asar, na biyar washegari da safe. Kwalba shida muke da su a asibitin, biyar suka tafi a fuskar mutum ɗaya.

Tsakanin zagaye na biyu da na uku, lokacin da maza ke dawowa daga masallaci, ƙanwar ta matso kusa da ni ta ce a hankali, "Likita, Alhaji fa bai sani ba." A nan na fahimci awa goma sha bakwai ɗin da aka ɓata. Tun ƙarfe ɗaya na dare Hajiya ta ji a jikinta cewa abin ba na lafiya ba ne, amma fita asibiti a wannan lokaci yana nufin ta tashi maigida ta yi masa bayani. Wannan ba ita kaɗai ba ce. Yawancin matan da ke zuwa min da matsalar allurar fuska a ɓoye suka yi ta, kuma ɓoyewar ce ke sa su dogara da mutum ɗaya tak, wadda ta yi allurar, wadda ita ma tsoro ke sa ta ce komai lafiya. Na ce wa Hajiya fuskar nan ba za ta ɓoyu ba a kwanakin da ke tafe, gara ya ji daga bakinta yau. Ta kira shi. Ya zo bayan la'asar, bai ce komai ba sai tambayar ko idon na cikin haɗari.

Ranar Lahadi ƙananan ƙuraje masu farin kai suka feso a gefen ƙofar hancin, wurin da bai fi faɗin farcen ɗan yatsa ba. Haka fatar da ta sha yunwar jini ke yi a kwana na uku. Ƙanwar ta zo da leda daga kemis, an ba ta allurar jentamaisin, wai ta fi saurin busar da ƙurji. Na karɓe ledar. Jentamaisin da danginsa suna ƙara wa dafin botulinum, wato dafin da ke cikin Botox, ƙarfi, a rubuce yake a takardar da ke cikin kwalin Botox, ga shi ba mu san irin dafin da ke goshinta ba balle yawansa. A ƙasar da ake yi wa mutum wannan allura a kemis ba tare da tambaya ba, dole duk wadda aka yi wa Botox ta san wannan. Na ba ta ƙwayar kashe ƙwayoyin cuta daga wani gida dabam, na ce a riƙa wanke wurin da ruwan gishiri na asibiti a shafa basilin, kada a bari ya bushe, kada a ɓamɓare. Ba dilka, ba turaren tsuguno kusa da fuska, ba hoda a kan raunin. Man haɗin kuma muka tsara yadda za ta janye shi sannu a hankali, domin yanke shi rana ɗaya yana tayar da fata.

Ranar Laraba, kwana shida da yin allurai, wayata ta yi ƙara bayan sallar asuba. Alhaji ne. "Likita, idonta na dama ya rufe. Ko shanyewar ɓarin jiki ce?"

Kafin su iso na riga na jera abin da zan kore. Na tambaye ta ko tana gani biyu-biyu, ko ruwa na sarƙe ta, ko harshe ya yi mata nauyi, ko numfashi na yi mata wuya. Tun 2009 kwalayen wannan dafi ke ɗauke da gargaɗin cewa yana iya bazuwa nesa da inda aka zuba shi, kuma haɗarin ya fi yawa in kayan jabu ne ko an wuce kima. A watan Afrilun 2024 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ba da rahoton mutum 22 a jihohi 11 da suka kamu da irin waɗannan alamu bayan an yi musu allurar a wuraren da ba asibiti ba ko a hannun marasa lasisi, wasunsu har an kwantar da su. In hakan na faruwa a can, ba ni da dalilin sakin jiki da kwalbar da ba ta da lamba. Hajiya ba ta da ko ɗaya daga cikin alamun. Hannu da ƙafa da ƙarfinsu, baki bai karkace ba, ƙwayar idon na juyawa ko'ina, gani daidai. Fatar idon dama ce kawai ta sauko, ta rufe saman baƙin idon.

Wannan aikin Botox ne, ba shi da alaƙa da toshewar hancin, ga shi ma a ɗaya ɓangaren. Dafin ya gangara daga tsakanin gira ya isa 'yar tsokar da ke ɗaga fatar ido. Yana faruwa ko a hannun ƙwararru, a gwajin da aka yi kafin amincewa da Botox don tsakanin gira wajen mutum 3 cikin 100 ne suka same shi. Amma akwai abin da ke ƙara shi. Ƙa'idar kwalin ita ce yunit 20 a wuri biyar, huɗu-huɗu, na gefe kuma su kasance aƙalla santimita ɗaya sama da ƙashin gira. Sannan yunit na wani kamfani ba na wani ba ne, abin da Botox ke yi da 20, Dysport da 50 yake yi, don haka cika sirinji zuwa wani layi ba awo ba ne. Abin da na fi zargi shi ne jerin da aka bi. An zuba dafin, minti kaɗan bayan haka aka zuba ciko a karan hanci aka yi ta murzawa zuwa sama, daidai inda dafin ke kwance bai gama kamawa ba. Shi ya sa masu haɗa su a rana ɗaya suke fara wa da ciko, su gama duk murzar da za su yi, su rufe da Botox, sannan a bar wurin kada a taɓa.

Na gaya mata gaskiya, ba makari. Akwai ɗigon ido, afraklonidin, da ke motsa wata ƙaramar tsoka ta daban ta ɗaga fatar da milimita ɗaya zuwa biyu na 'yan awanni. Da ƙyar muka samo shi. Ta yi kuka a ranar fiye da ranar Juma'a, duk da cewa wannan ne mai sauƙin. "Gobe kamu, likita. Me zan ce wa dangin ango?" Ta halarci komai da tabarau mai ɗan duhu da mayafi, ana ɗiga mata maganin kafin a fita. Idon ya koma daidai a mako na shida. Raunin hancin ya rufe a mako na uku, ya bar ɗan lotsawa kamar ƙwayar gero, da baƙin tabo kewaye da shi wanda ya ɗauki watanni yana washewa. Kumburin haɓa ya sauka shi kaɗai a kwana goma, kitsen yana nan yadda yake. Cikon gefen dama ma na narkar da shi bayan biki don fuskar ta daidaita.

Bayan wata huɗu ta dawo, ita da Alhaji. Na ɗauka duba tabo ta zo. Sai ta ce, "Likita, abin da ya kai ni can fa yana nan. Kowa ce min yake ina fushi alhali ba na yi. In akwai yadda ake yi daidai, ina so."

Ban ga laifin buƙatarta ba, kuma haɗa Botox da ciko ba abin gudu ba ne in an bi hanya. Ma'auratan da suka fara lura da amfanin dafin ga tamoji, Jean Carruthers likitar ido da mijinta Alastair likitan fata, a Vancouver ta Kanada a 1987, su ne kuma suka gwada haɗin a 2003 a kan mata 38 masu zurfin layi tsakanin gira. Waɗanda aka yi wa cikon Restylane kaɗai, layin ya dawo a wajen mako 18. Waɗanda aka haɗa musu da Botox sun kai wajen mako 32. Tsokar da ta huta ba ta matse cikon, sai ya daɗe. Ni kaina ina yin su rana ɗaya ga wadda na daɗe da sanin fuskarta, in wuraren sun yi nisa da juna. Ga sabuwar fuska ba na yi, balle wadda jijiyarta ta taɓa toshewa.

Zaman farko ba mu taɓa allura ba. Na ɗauki hoto ta gaba da gefe biyu, fuska a sake, a haɗe, da murmushi. Na bi tambayoyin da aka tsallake a can: ciki ko shayarwa, ciwon raunin tsoka, maganin tsinka jini, asfirin da diklofenak da take sha don ciwon gwiwa, zazzaɓi ko mura a makonnin nan, aikin haƙori ko rigakafi da ke tafe, da ko an taɓa zuba mata wani abu a fuska kafin wancan. Ashe tana da alƙawarin cire haƙori, sai muka ce a yi shi tukuna a huta mako biyu, domin ƙwayoyin cutar baki na iya bin jini su zauna a kan sabon ciko.

Zama na biyu Botox kaɗai, yunit 20 tsakanin gira. Na fito da kwalbar daga firij a gabanta, na nuna mata suna da lamba da ranar lalacewa. Maganin nan tsakanin digiri 2 da 8 yake zama, kuma a garin da wuta ke ɗaukewa kullum, tambayar ina aka ajiye shi tambaya ce ta haƙƙi. Bayan mako biyu ta dawo, gira a daidai, ido a buɗe, fushin da ake gani ya tafi. A nan ta duba madubi ta ce goshin ma a bar shi haka. Rabin abin da aka sayar mata a matsayin dole ya faɗi da kansa.

Zama na uku ciko, mililita ɗaya kacal, rabi a kowane kunci, a sama kusa da ƙashi, domin layin gefen bakin nata daga zubewar kunci ya samo asali, in an tallafi sama ƙasa na sassautawa. Na yi amfani da kanula, allura mai dakusasshen baki da ke ture jijiya maimakon huda ta. Tana rage haɗari, ba ta kawar da shi, don haka na riƙa zubawa kaɗan-kaɗan, ina tsayawa ina danna fata ina ƙirgawa, ina tambayar ta ciwo da gani, ga kwalaben narkarwa a kan tire inda take ganinsu. Hanci na ce mata ba zan taɓa shi ba, yanzu ko nan gaba. Allurar kitse ma na cire ta daga lissafi, domin da na kama ƙasan haɓar na ga sakin fata ya fi kitsen yawa, narkar da kitsen sai ya ƙara mata saki. Ta zauna rabin awa kafin ta tafi, na ba ta lambar da za a ɗauka ko ƙarfe nawa ne, na ba Alhaji ita ma. Da daddare sista ta kira ta, da safe ta turo hoto a hasken rana.

Na rubuta mata kati mai sunan kowane magani, lambar kwalinsa, yawansa, wurin da aka zuba da ranar, na ce ta nuna wa duk likita ko mai kemis da zai ba ta allura. A zuwanta na ƙarshe ta ciro shi daga jaka tare da katin gayyata, an sa ranar 'yarta ta biyu bayan babbar salla. Muka buɗe kalanda muka ƙirgo baya daga ranar kamu. Allura ta ƙarshe za ta kasance mako shida kafin nan, Botox kaɗai, cikon kuncin bai buƙatar ƙari tukuna. Tabon gefen hancin yana nan, sai an matso kusa a hasken taga ake ganinsa.